Musulmi Matafiyi da Abincin Osaka: Ina Iyakar Bincike?

Osaka birni ne da Japanawa kansu suka sallama masa a fagen girki. Baƙon da ya wuni tsakanin kasuwar Kuromon da titin Dotonbori zai ga abinci kala-kala da bai taɓa gani ba. Idan Musulmi ne, tambaya ɗaya za ta riƙa binsa daga wannan rumfa zuwa waccan: har ina ne shari'a ta ɗora masa bincike kafin ya kai loma baki, kuma daga ina binciken yake rikiɗewa ya zama waswasi?

Karin kumallon gargajiya na Japan shinkafa ce fara, da gasasshen kifi, da romon miso, wato waken soya da aka bari ya ruɓa da gishiri, kusan yadda ake yin daddawa. Tushen romon shi ne dashi, ruwan da ake dafawa da ciyawar teku da busasshen kifi. A nan babu wata wahala. Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta abincin teku, kuma Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo hadisin da ya nuna ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne. Shi ya sa Malikiyya suka halatta duk abin da ke rayuwa a teku, saɓanin Hanafiyya da suka taƙaita a kan kifi. Bahaushen da ya tashi a kan Risala da Mukhtasar na Khalil ba shi da dalilin tsayawa yana jujjuya ƙaguwa ko jatan lande a Kuromon. Ƙyama daban, haramci daban. Wanda zuciyarsa ba ta karɓi ɗanyen kifi ba yana iya barinsa, amma kada ya jingina wa addini.

Da rana al'amarin yake fara cakuɗewa. Takoyaki, wanda aka ƙirƙira a Osaka a shekarun 1930, ƙullun fulawa ne da ake zubawa a tanda mai ramuka, a jefa gutsuren dabbar tekun nan mai hannaye takwas a kowane rami, mai suyar yana juya su da tsinke har su dunƙule su yi ja. Asalinsa halal ne. Okonomiyaki kuwa, wainar kabeji da fulawa, an fi yin ta da yankan naman alade a sama, kuma a kan faffaɗan ƙarfe ɗaya ake soya ta kowa. Romon taliyar ramen ma galibi da ƙashi ko kitsen alade ake haɗa shi, ko da ba a ga tsoka ko ɗaya a kwano ba. A irin wannan wuri tambaya wajibi ce, domin abin da ya rinjayi shi ake ginin hukunci a kai. Wanda ya san haka ya kau da kai, ya ce ai bai gani da idonsa ba, kansa yake yaudara.

Naman sa da kaza su ma ba su tsira ba. Rangwamen da aya ta 5 ta Ma'ida ta bayar na yankan Ahlul Kitabi ne, alhali mafi yawan Japanawa mabiya Shinto da Buddha ne. Sai dai tarihi ya yi wa matafiyin rana. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya hana cin naman shanu da dawaki da kaji da wasu dabbobi, ƙyamar nama ta daɗe a ƙasar, har sai da Sarki Meiji ya ci naman sa a 1872. Wannan dogon zamani ne ya gina girki a kan kifi da shinkafa da waken soya, shi ya sa barin nama ba ya barin mutum da yunwa a Osaka.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne giyar da ba a gani. Masu girkin Japan suna zuba sake, giyar shinkafa, da mirin, wani ruwa mai zaƙi da sinadarin maye a cikinsa ya kai kusan kashi 14 cikin 100, a miya da romo da ruwan da ake shafa wa gasasshen kifi. Dukansu biyu dokar giya ce ke kula da su a Japan. Hujjar cewa wuta tana ƙone mayen ba ta gamsar da mafi yawan malamai ba, tunda giya ce aka ɗauka da gangan aka zuba. Ruwan miyar waken soya lamarinsa daban ne: ɗan sinadarin mayen da ke cikinsa daga ruɓawar wake da alkama ya samu, ba a yi shi don sha ba, kuma gishirinsa ba zai bar mutum ya sha abin da zai bugar da shi ba. Malamai da yawa sun halatta shi, wasu sun ga barinsa ya fi, kuma wannan saɓani ne mai daraja da bai kamata wani ya aibata wani a kansa ba.

Magabata sun bar ma'auni biyu. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya yabi wanda ya nisanci shubuha don kare addininsa. A ɗaya gefen kuma Muwaɗɗa ta ruwaito cewa Amru ɗan Asi ya tambayi mai wani tafki ko namun daji suna sha a ciki, sai Sayyidina Umar ya hana mutumin amsawa. Ba su ci karo ba. Na farko yana aiki ne inda akwai alamar haramci, na biyu inda asali tsarki ne kuma babu alamar. Kwanon ramen yana ƙarƙashin na farko, gasasshen kifi da gishiri a Kuromon yana ƙarƙashin na biyu.

Da dare jama'a sukan cika izakaya, shagunan da ake cin abinci ana shan giya, kuma hanin zama a teburin da ake shaye-shaye sananne ne. Matafiyin yana da mafita, domin Osaka tana da gidajen abinci masu shaidar halal, har da masu ramen da gasasshen naman sa. Kobe kuma, inda masallaci mafi daɗewa a Japan yake tun 1935, tafiyar kusan rabin awa ce a jirgin ƙasa, kuma akwai shagunan naman halal a kewayensa.