Shaidar Jini: Alhakin Cutar da Ba Ta da Mai Laifi

Al'adarmu ce idan ɓarna ta auku mu fara da tambayar wanda ya yi ta. Da zarar an sami mai laifi sai hankali ya kwanta, ko da kuwa ba a gyara komai ba. To amma akwai wata irin cutarwa wadda kan sami mutum ba tare da wani ya nufe shi da sharri ba, kuma ko an tsananta bincike ba za a iya nuna hannun da ta fito ba. Tambayar da wannan maƙala ke son yin nazari a kanta ita ce: shin rashin mai laifi yana nufin rashin mai alhaki? Za mu ɗauki misali daga wani abu da mai karatu zai iya rainawa, wato tsutsar cikin kare da kyanwa, da kuma gwajin jinin da likitoci ke yi don gano sawunta a jikin ɗan Adam.

Tsutsar da ta ɓata hanya

Masana suna kiran wannan tsutsa Toksokara. Dangin macijin ciki ce, kuma iri biyu ne suka fi shafarmu, ɗaya a hanjin kare take zaune, ɗaya a hanjin kyanwa. Macen ta kare takan iya zuba ƙwai har 200,000 a rana guda, su fita tare da kashin dabbar. A ranar da suka fita ba su iya cutar da kowa, sai sun yi kamar mako biyu zuwa huɗu a cikin ƙasa sannan su nuna, daga nan kuma sukan yi watanni, wani lokaci shekaru, suna jiran mai tsautsayi. Kwikwiyo ya fi babban kare ɗauke da ita, domin tun yana cikin uwarsa take shigarsa, wani lokaci kuma ta nono.

Idan yaro ya yi wasa da ƙasa ya kai hannu baki, ko aka ci ganyen da ba a wanke ba, sai ƙwan ya ƙyanƙyashe a hanji. To da yake jikin mutum ba gidanta ba ne, 'yar tsutsar ba ta girma, ba ta kuma yin ƙwai. Sai ta huda hanji ta bi jini tana yawo kamar baƙon da ya rasa masauki, ta leƙa hanta, ta leƙa huhu, wani lokaci ta faɗa ido. Mafi yawan waɗanda ta shiga ba su jin komai. Wasu yara kuwa sukan yi zazzaɓi da tari da kumburin hanta, kaɗan daga ciki kuma ido ɗaya yakan lalace.

Ba a san wannan ba sai a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. A shekarar 1950 wata masaniya a Amurka, Helenor Wilder, ta sake duba idanu 46 da aka ƙwaƙule, galibi na yara, bisa tsoron sankarar ido, sai ta tarar da tsutsa ko sawunta a cikin 24. A 1952 Paul Beaver da abokan aikinsa na Jami'ar Tulane suka bayyana yadda take yawo a hantar ƙananan yara. Mu lura da darasin farko: likitocin da suka cire waɗancan idanu ceton rai suka nufa, amma duk da haka yaran sun rasa idanunsu. Gaskiyar Bahaushe da ya ce rashin sani ya fi dare duhu.

Mai shaida da iyakar shaidarsa

Tun da tsutsar ba ta yin ƙwai a cikinmu, gwajin bayan gida ba ya nuna ta. Sai masana suka koma ga jini. Duk baƙon abu da ya shiga jiki, jiki yakan ƙera masa makaman garkuwa na musamman, kamar yadda maƙeri ke yi wa kowane kwaɗo ɗan makullinsa. A ƙarshen shekarun 1970 aka daidaita wani gwaji da ake kira Eliza, wanda ke haɗa ruwan jinin mutum da abin da 'ya'yan tsutsar ke fitarwa daga jikinsu. Idan akwai makaman da aka ƙera dominta sai su kama, launin ruwan ya sauya.

Da wannan gwaji ne aka gane yawan mutanen da abin ya shafa. Wani nazari da aka buga a 2019, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe masu yawa, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin ɗari na mutanen duniya suna da wannan alama a jininsu. A Jos, binciken da aka buga a shekarar 2000 ya samu kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka gwada. A Makoko ta Legas, wanda aka buga a 2015 ya samu fiye da kashi 80 cikin ɗari na 'yan firamaren da aka gwada.

Sai dai wannan mai shaida yana da iyaka, kuma a iyakarsa ne tambayarmu take. Yakan ce tsutsa ta taɓa shiga, amma ba ya faɗin yaushe, domin makaman garkuwa sukan daɗe shekaru bayan an gama yaƙi. Ba ya tantance ko ita ce ta jawo ciwon da ake fama da shi yau. A ƙasashen zafi irin tamu, inda wasu tsutsotsin ciki suka yi yawa, yakan iya ɗaukar wata a matsayin wata. Idan a ido kaɗai take, wani lokaci shaidarsa takan yi rauni. Daɗin daɗawa, gwajin da aka saba yi ba ya rarrabe ta kare da ta kyanwa, balle ya ce karen wane gida ne. Da a gaban alƙali ne, irin wannan shaida ta tabbatar da aukuwar ɓarna, amma ba ta isa a ɗaure kowa ba.

Kare, kyanwa da son zuciyarmu

A nan Maiduguri, kamar sauran garuruwanmu, ba mu ɗauki waɗannan dabbobi biyu daidai ba. Kyanwa 'yar gida ce, tana kwana a kan tabarma, tana tsare rumbu da kanti daga ɓera, kuma hadisi ya wanke ta daga najasa. Kare kuwa na waje ne, sai mafarauci da makiyayi da mai gadi. Saboda haka da zarar an ce akwai cutar da dabbar gida ke kawowa, kare za a fara jifa, daga shi kuma sai maƙwabcin da ke kiwonsa, musamman idan ya kasance baƙo ne a unguwar, ko al'adarsa ta sha bamban da tamu. Ga shi kuwa jini ya ƙi ya goyi bayan wannan son zuciya. Kyanwar da muke shafawa ta fi kare son yashi mai laushi don binne kashinta, irin yashin da ake jibgewa a ƙofar gida don gini, wanda yara ke kwana wasa a kansa. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani.

Ya kamata kuma mu bambanta tsarki da tsafta. A mazhabar Malikiyya da muke bi, duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare, kuma wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai malamai sun ɗauke shi a matsayin bin umurni. Hukuncin tsarki yana magana ne a kan ingancin salla, bai yi alkawarin cewa abu mai tsarki ba ya ɗauke da cuta ba. Wanda ya kafa hujja da tsarkin kyanwa ya ƙi wanke hannun ɗansa ya ɗora wa fiƙihu kayan da ba nasa ba. Haka nan wanda ya fake da cuta ya shiga azabtar da karnuka ya manta da labarin da ya zo a hadisi na wanda aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da na matar da ta halaka saboda ta tsare kyanwa da yunwa. Dabbar ba ta da laifi, ita ma cutar ce ke cin ta, kwikwiyo ma har kashe shi takan yi.

Laifi daban, alhaki daban

Laifi yana bukatar niyya, ko sakaci bayan sani, kuma baya yake dubawa, yana neman wanda za a hukunta. Alhaki kuwa gaba yake dubawa, yana tambayar wanda ke da ikon hana abin ya sake faruwa. Mutum zai iya kuɓuta daga laifi amma alhaki ya hau kansa, kamar wanda ya tarar da rijiya a buɗe a kan hanya: ba shi ya haƙa ba, amma idan ya wuce ya bar ta, makahon da ya faɗa yana da magana da shi.

An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A wannan al'amari karin maganar ba ta cika ba, domin ruwan yakan tsallake wanda ya ja shi ya doki ɗan maƙwabci da bai taɓa kiwon ko kaza ba. Dalili kuwa shi ne ƙasa ta kowa ce. Zafin rana da bushewar bazarar Borno suna kashe ƙwan da ke fili, amma wanda ya sami inuwa da danshi yakan rayu, wato ƙarƙashin dogon yaro, da gindin randa, da bakin famfo, da lambunan gaɓar Ngadda. Nan ne kuwa daidai inda muke ajiye yaranmu don mu kare su daga rana. Wanda ya ga ambaliyar 1994, ko ta watan Satumbar 2024 lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ya san cewa katanga ba ta raba ƙasar wani gida da ta wani. Abin da aka zubar a Fori yana iya kwana a Gwange.

Idan haka ne, alhakin yana rabuwa gwargwadon iko. Kaso mafi girma na mai dabba ne, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda kare ke yi wa gadi, ko kyanwa ke kore masa ɓera, ya ci moriya, sai ya ɗauki ɗawainiya: ya ba dabbar maganin tsutsa, kwikwiyo tun yana ɗan mako biyu, a kuma maimaita bisa shawarar likitan dabbobi, sannan ya kwashe kashin ya binne da zurfi tun yana sabo. Waɗannan makonni da ƙwai ke yi kafin ya nuna wata rahama ce, wa'adi ne da aka ba mai gida ya sauke nauyinsa. Kaso na biyu na iyaye ne da malaman makaranta da na tsangaya: wanke hannu kafin cin abinci, wanke ganye, dafa hanta ta nuna sosai, da hana yaro cin ƙasa. Kaso na uku na masu ilimi ne. Jami'ar Maiduguri, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar likitancin dabbobi da ta likitancin mutane, kuma wannan cuta a tsakanin su biyun take zaune. Mu kuma ɗaliban harshe namu shi ne mu mayar da abin da suka sani zuwa Hausa da Barbarci, yadda uwa a Bulumkutu za ta ji ta gane.

Ƙorafi biyu

Mai karatu zai iya cewa garin da ya sha rikici tun 2009, ya karɓi ɗimbin 'yan gudun hijira, yake fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa, ina shi ina zancen tsutsar kyanwa? Wannan ƙorafi yana da ƙarfi, kuma mun yarda da rabinsa. Ba adalci ba ne a kwashe ɗan kuɗin da ke akwai a gwada jinin kowa da kowa, tun da sakamakon ba zai sa a yi wa mai lafiya magani ba, sai dai ya jefa shi cikin zullumi. Gwajin na yaron da ke ciwo ne, wanda likita ya ga wasu alamu a jikinsa da jininsa, domin shi akwai magani irin su albendazol da zai amfane shi, da kuma yaron da ake tantamar abin da ke cikin idonsa. Amma rabin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ce talauci ya ɗauke alhakin. Binne kashin dabba da rufe tulin yashi ba su cin ko kwabo. Kuma ɗan talaka da ke rarrafe a ƙasa shi ya fi kowa shiga hatsarin, saboda haka yin shiru da sunan tausayin talaka shi talakan yake cuta.

Wani kuma zai ce cuta ƙaddara ce. Babu mumini da zai musa wannan. To amma wanda ya ƙaddara cutar shi ya ƙaddara wa'adin mako biyun, shi ya kuma hore mana sanin sa. An umurci Balaraben ƙauye ya ɗaure raƙuminsa sannan ya dogara ga Allah. Kafin sani ya zo, abin da ya sami yaro tsautsayi ne. Bayan an sani an ƙi aikatawa kuwa, sunansa ya koma sakaci, kuma a nan ne alhaki yake rikiɗa ya zama laifi.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa gwajin jini shaida ne mai gaskiya amma mai taƙaitaccen bayani: yana tabbatar da cewa cuta ta ratsa, ba ya ba mu wanda za mu zarga. Muna ganin wannan taƙaitawa tana da amfani gare mu, domin ta toshe mana hanyar da muka fi so, ta ɗora wa kare ko maƙwabci, ta bar mana hanyar da ta fi wuya, ta kowa ya duba tsakar gidansa. Amsar tambayarmu ke nan: ana iya rasa mai laifi, amma ba a rasa mai alhaki matuƙar akwai wanda ya sani kuma yake da ikon hanawa. Yaron da ke wasa a ƙarƙashin dogon yaro bai san da ƙwan ba, dabbar da ta zuba shi ita ma ba ta sani ba. Mu ne muka sani. Allah ya ba mu ikon sauke amanar waɗanda ba su iya kai ƙara, na mutane da na dabbobi, amin.