Shaidar Wanda Bai Ga Gulbi Ba

Amsar tambayar auna gulbi ba ta da wuyar hadda. A ware tsawon mita 10 a bakin ruwa, a jefa lemo, a duba agogo, a raba nisan da daƙiƙoƙin da ya ɗauka, an sami saurin ruwan ke nan. Ɗalibin labarin ƙasa mai kaifin ƙwaƙwalwa zai haddace wannan tsakanin Magariba da Isha'i.

Sai dai ɗan Daura yana da matsalar da littafin makaranta bai hango ba. Ana rubuta WAEC a watannin Mayu da Yuni, wato duk shirin da rani ake yinsa, lokacin da rafukan Zango da Ɓaure da Sandamu yashi ne zalla. Ruwan da ya rage yana kwance a madatsun Sabke da Daberam, inda lemo zai wuni yana shawagi bai je ko'ina ba. To idan yaron ya rubuta "mun auna, mun samu", alhali ƙafarsa ba ta taɓa jiƙewa ba, ilimi ya nuna ko shaidar zur ya bayar?

Musulunci bai raina ilimin ji ba. Hadisi gaba ɗayansa ruwaya ne, amma mai ruwaya kan faɗi daga bakin wa ya ji. Ko a rijiyar Kusugu, mai ba baƙi labarin Bayajidda da macijin da ya hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, da "an ce" yake farawa, kuma ba wanda ya taɓa kiransa maƙaryaci. Laifin yana shigowa ne sa'ad da "an ce" ta rikiɗe ta zama "na gani". Malamai sun daɗe da bambanta ilmul yaƙini da ainul yaƙini, kuma mai kwafe alƙaluman wani yana da'awar na biyun ne ba tare da ya kai gare shi ba.

Abin mamaki, makarantar zaure ta riga boko a nan. Mai karatun Ishmawi ko Risala ya san ana hukunta ruwan alwala da launi da ɗanɗano da wari, kuma jan da ƙasar wurin ta sa masa ba ya hana tsarki. Wannan hukunci sai an kamfato ruwan a tafin hannu an duba.

Kuma busasshen gulbi ba bebe ba ne. A kwanar gulbi, gaɓar waje a zaizaye take, ta ciki kuwa ta tara lallausan yashi. Karmami da ledojin da suka maƙale a saiwoyi suna nuna inda ambaliyar bara ta tsaya. A tona yashin da ƙoƙo, wani wurin kafin kamu biyu ruwa ya fara tsattsafowa. Albiruni, wanda ya kammala littafinsa kan Indiya wajen shekarar 1030, da irin wannan dubawa ya yi aiki: ya ga duwatsu manya kusa da tsaunuka, ƙanana can nesa, yashi a bakin teku, sai ya ce filin Indiya a da teku ne, koguna suka cike shi.

Saboda haka uzurin rani bai karɓu ba. Malaman labarin ƙasa na masarautar Daura su nemi igiyar awo, su fita da yaran wata safiyar Asabar, su bar kowa ya rubuta abin da idonsa ya gani, ko da kuwa saurin ruwan sifiri ne.