Shafin Godiya: Tsakanin Marubuciya da Mai Karatu, Wa Ke Bin Wani Bashi?



In dai kin taɓa riƙe littafin hikaya na Hausa, irin waɗanda ake bugawa a Kano, kin san akwai wani shafi da yawancinmu kan tsallake saboda ɗokin shiga labari, wato shafin godiya. A nan marubuciya kan gode wa Allah, ta gode wa iyaye da maigida da wanda ya buga mata rubutun, sannan ta juyo kan masu karatu, wani lokaci har ta jero sunayen waɗanda suka aiko mata da wasiƙa. Abin tambaya shi ne, wannan godiya ta fatar baki ce kawai, ko kuwa bashi ne na gaske? In kuma bashi ne, da me ake biyansa?

Ni a ganina bashi ne, kuma mai nauyi. A shekarar 1980 kamfanin NNPC na Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsatu Abdulwaheed, bayan wata gasa da ya shirya, wadda ita ce kuma ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. Yau fiye da shekara 40 ke nan ana kiran sunanta a matsayin macen da ta buɗe wannan ƙofa. To amma matan da suka biyo bayanta, irin su Hajiya Balaraba Ramat Yakubu da ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, da 'yar jiharmu Hajiya Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa mai Allura Cikin Ruwa, sun taso ne a lokacin da kamfanoni suka ja baya. Marubuciya da kuɗin aljihunta take kai aikinta maɗaba'a. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ake raba labari kashi-kashi: cinikin littafi na ɗaya shi ke buga na biyu, na biyu ya buga na uku. In masu karatu suka juya baya, to labari ya tsaya ke nan ko da an kai tsakiyar daɗinsa.

Kin ga ashe jarin marubuciya yana hannunki. Littafi ya baro kasuwa a Kano, ya biyo hanyar Kazaure ya iso Daura, daga nan ya bazu Sandamu da Zango da Baure da Mai'aduwa, wani ma ya tsallaka Kwangwalam ya shiga Nijar. Matar da ba ta fita ta aiki yaro wurin mai haya da 'yan canjin da suka rage daga cefane, ta karanta da fitila bayan yara sun yi barci, gobe ta miƙa wa maƙwabciya ta kan katanga. Marubuciyar ba ta san ta ba, ba kuma lallai su taɓa haɗuwa ba. Ko a 2007, lokacin da aka ƙona littattafan hikaya a Kano a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, aka yi ta yi wa marubuta kuɗin goro da sunan masu ɓata tarbiyya, irin waɗannan mata ba su daina nema ba. Duk wadda ta shekara 20 ko 30 tana rubutu, to a kan wuyansu ta tsaya, kuma addininmu ya haɗa godiya ga mutane da godiya ga Mahalicci, bai raba su ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen biya. Hanya mafi sauƙi ita ce marubuciya ta ce tunda su suka ɗaga ni, bari in ba su abin da suke so. Suna son attajiri da jerin akwatunan lefe, ga shi. Suna son a wulaƙanta kishiya, an wulaƙanta ta. Suna son labari ya yi tsawo, sai a yi ta jan sa ko da ruwansa ya ƙare. A ido wannan kamar godiya ce, amma in kin duba da kyau tsoro ne, tsoron kada kasuwa ta watse. Ai ko a zaman gida, ƙawar da duk abin da kika faɗa sai ta ce haka ne, kin san ba ita kike nema ba ranar da aurenki ke rawa.

Dubi abin da Hajiya Balaraba ta yi. Ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, sai daga baya ta koma karatu a ajin manya. Da ta riƙe alƙalami sai ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? a kan auren dole da hana 'ya mace ilimi. A cikin Alhaki Kuykuyo Ne kuma, na 1990, ta kawo magidancin da ya kori uwargidansa da 'ya'yanta saboda amarya, ta nuna yadda matar ta tsaya da ƙafarta tana sana'a tana riƙe gida. Ba kowa ne ya ji daɗi ba, ta sha suka. Amma matan da ke cikin wannan hali sun ga an faɗi abin da suka kasa faɗa, littafin kuwa ya rayu har Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga a Indiya a 2012. Wannan shi nake kira biyan bashi: ta ɗauki mai karatunta a matsayin mai hankali da za ta iya jin magana mai ɗaci.

Sai dai kada mu yi saurin jifan wadda ta bi kasuwa. Marubuciya ma tana da tukunya a kan murhu da kuɗin makarantar yara, yabo kuwa ba ya sayen gero. A nan ne maganar ta dawo kanki, 'yar'uwa. Yanzu yawancin karatun ya koma waya, marubuta na saka labari a WhatsApp da Wattpad, da yawa sai an biya kuɗi kafin a shiga zauren da ake sakin shafuka. Sai ki ga mace ɗaya ta biya, ta kwafe, ta watsa wa zauruka biyar kyauta, kuma ita ce kan gaba wajen kiran kanta masoyiyar marubuciyar. A zamanin haya aƙalla mai shago ya sayi kwafinsa, in ya yage ya sake sayo wani. Wannan kuwa babu abin da ke komawa ga wadda ta hana idonta barci. Haƙƙi ne, ko da ƙanƙantarsa ta sa ba ma jin nauyinsa.

Kuma abin da kike turawa shi marubuciya ke gani. In labarin da ya fi yawo a wayoyin matan unguwarku shi ne mai batsa, wanda ya taɓo saki da rikon marayu da ciwon yoyon fitsari kuwa aka bar shi ba mai tambayar ci gabansa, to yarinyar da ta fara rubutu bana a Daura tana kallo, tana kuma lissafin wanne za ta rubuta badi.