Hannu Ya Saki Doki: A Bar Shi Ya Mayar?



Tambayarmu ta wannan mako ƙarama ce a baki, amma tana da nauyi. Mutum ya yi kuskure da hannunsa, ya gane nan take, ya ce, "Don Allah bari in mayar." A bar shi ko kada a bar shi? Za mu ɗauko ta daga kan allon wasa, domin a nan ne kuskure yake fitowa fili, babu dillali, babu yaron shago, babu wanda za a ɗora wa laifi.

Wasan da muke nufi shi ne shaɗaranji, wanda yaranmu ke kira ces, suna buga shi a waya. Allo ne mai gida 64, kowane ɓangare da 'ya'ya 16: sarki, sarauniya, dawaki, dakaru da sauransu. Wanda ya ritsa sarkin abokinsa har ya rasa mafita shi ya ci. Kada wani ya ɗauka baƙo ne a ƙasar nan da muke zaune. A shekarun 1930 Turawan mulkin mallaka sun rubuta a mujallar Man ta Landan cewa sun tarar da shi a Borno da sunan tsatsarandi, kuma 'ya'yansa na ɗauke da sunayen fada: Mai, Ciroma, Kaigama, sai Fer, wato doki da Barbarci. Mu kuma da muka taso daga Kano, Katsina, Sakkwato ko Maraɗi mun san darar gida, wadda dattawa ke haƙa wa gurabu a gindin darbejiya. Rigimar "bari in mayar" duk ɗaya ce a wasannin biyu.

Game da hukunci, malamai sun yi magana tun da daɗewa. Imamu Malik ya ƙi wasan, Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana shi, Shafi'iyya kuwa sun ɗauke shi makaruhi muddin babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Wannan fage na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Mu darasi muka zo ɗauka.

Abin da ya raba shaɗaranji da ludo ko karta shi ne babu sa'a a cikinsa. Ba a jefa ƙwaya, ba a ɓoye kati. Duk abin da abokinka ke da shi yana gabanka, kana kallo. Saboda haka idan ɗan koyo ya ce "wallahi ban gani ba," gaskiya ya faɗa, sai dai gaskiyar kansa take karewa da duka. Abin yana nan a fili, shi ne bai duba ba.

To me ya hana shi dubawa? Bari mu shiga cikin kansa mu ji.

Ga shi zaune, wasa ya yi nisa. Sai ya hango wani ɗan dakare na abokinsa a gefe, babu mai tsaronsa. Zuciya ta ce: banza ta faɗi. Daga wannan lokaci idonsa ya daina ganin allo gaba ɗaya, ya koma ganin gida ɗaya tak. Yana lissafi: in na ci wannan, sai in matso nan, sai in ritsa shi can. Tafiya uku ya shirya a jere, duk nasa. A cikin lissafin nan abokin wasansa ya zama gunki, kamar ba shi da hannu, kamar ba za a ba shi nasa juyin ba. Ya ɗaga sarauniya, ya cinye ɗan dakaren, ya saki. Yatsunsa na rabuwa da ita idonsa ya buɗe: ga dokin abokinsa, tsalle ɗaya zai yi ya dira inda zai kama sarki da sarauniya lokaci guda. Dole a tsirar da sarki, sarauniya ta tafi. Ya ba da saniya ya karɓi kaza. Dara ta ci gida.

Abu uku ne suka haɗu a nan. Na farko kwaɗayi, wanda Hausawa suka ce mabuɗin wahala ne. Na biyu mantawa da cewa ɗayan ma yana da nasa nufin. Na uku ya fi ban mamaki, kuma wani gwani ɗan Rasha, Alexander Kotov, ya bayyana shi har aka laƙaba masa sunansa: mutum ya daɗe yana auna tafiya biyu, ya auna wannan, ya koma waccan, kansa ya yi zafi, lokaci na tafiya, sai kawai ya yi wata ta uku wadda bai auna ba ko kaɗan. Duk ɗan kasuwa ya san wannan ciwo. Sati biyu kana bincike tsakanin saro wake da saro busasshen kifi, ka tambayi wannan, ka tambayi wancan, ranar ƙarshe wani ya zo da zaƙin baki, ka zuba jarin a harkar da ba ka taɓa ji ba.

Kuma kada a ce wannan na 'yan koyo ne kaɗai. A Nuwamba 2006, a birnin Bonn na Jamus, zakaran duniya Vladimir Kramnik yana karawa da kwamfuta mai suna Deep Fritz, ya kasa ganin cewa tafiya ɗaya ta rage a ritsa sarkinsa, abin da yaron da ya yi wata uku yana koyo zai iya gani. A ranar 12 ga Disamba 2024, a Singafo, Ding Liren na ƙasar Sin ya je wasa na 14, na ƙarshe, kowa na jiran kunnen doki. Tafiya ɗaya ya yi ba daidai ba, kambun duniya ya koma hannun Gukesh ɗan Indiya, mai shekara 18. Ding ya gane abin da ya yi, ya ɗan ci gaba, sannan ya miƙa hannu ya sallama.

Bai ce a bar shi ya mayar ba, don doka ba ta ba shi ba. A ƙa'idar FIDE, hukumar wasan ta duniya, ɗan da ka taɓa da niyya shi za ka matsar, kuma da zarar ka sake shi a wani gida, magana ta ƙare. Akwai kuma labarin da ya nuna ɗaya fuskar. A 1994, a gasar Linares ta ƙasar Sifen, Garry Kasparov, wanda babu kamarsa a lokacin, yana wasa da Judit Polgar 'yar Hangari, tana da shekara 17. Ya ajiye doki a wani gida, ya ga hatsari, ya ɗauke shi ya kai wani gidan. Hoton bidiyo ya nuna yatsunsa sun rabu da dokin na ɗan ƙiftawar ido. Alƙalin wasa bai tsayar ba, Kasparov ya ci wasan. Yau shekara 30 da ɗoriya, ana ta ba da labarin, kuma ba don yabon wanda ya ci ba.

To mu dawo kan tambayarmu. A zaman abokai, inda babu alƙali babu kambu, a bar mai kuskure ya mayar?

Masu cewa a bar shi suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce ai wasa ne, kuma cin da ka yi saboda santsin hannun ɗan'uwanka ba gwaninta ba ce. Wane daɗi ke cikin kayar da wanda ya yi tuntuɓe? Sun ƙara da cewa wanda ba ya yafe ƙaramin abu a kan allo, da wuya ya yafe babba a gida ko a kasuwa.

Masu cewa kada a bar shi su ma ba mugunta ce ta sa su ba. Sun ce yaron da kullum ake bari ya mayar, abin da yake koya shi ne ya taɓa tukuna, ya yi tunani daga baya. Hannunsa ya riga kansa, kuma haka zai girma. Sun ce zafin rasa sarauniya sau ɗaya ya fi nasiha goma zama a ƙwaƙwalwa. Sannan akwai haƙƙin ɗayan: shi fa ya ɗana tarkon nan da tunaninsa, ya jira, ya yi haƙuri. In an mayar, an kwashe masa ladan wahalarsa.

Kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya. Abin da zai haɗa su yana nan cikin abin da muka sani a kasuwa.

A mazhabarmu ta Malikiyya, idan mai saye ya taya, mai kaya ya ce "na sallama," ciniki ya ƙullu, ko da ba su bar wurin ba. Mai saye ba shi da ikon ya dawo gobe ya ce dole a karɓi kaya. Amma shari'ar da ta ɗaure cinikin ita ce kuma ta buɗe ƙofar iƙala, wato mai kaya ya yarda a warware don ya ga ɗan'uwansa ya yi nadama, kuma hadisi ya kwaɗaitar da yin hakan ƙwarai. Ka ga an ajiye kowane abu a muhallinsa. Warwarewa kyauta ce daga hannun mai haƙƙi. Wanda ya yi kuskure yana iya roƙo, ba ya iya tilastawa. In an ba shi ya gode, in an hana shi ba a zalunce shi ba. Akwai kuma hanya ta uku, wadda ta fi kwanciyar rai: a yi sharaɗin zaɓi tun farko, "zan kai wa maigida ya gani, in bai yi ba zuwa jibi zan dawo da shi." A allo ma haka ne. Tun kafin a jera 'ya'ya a faɗa: wannan na koyo ne, ana mayarwa, ko kuwa na gaske ne, taɓawa ita ce tafiya.

Daga nan amsar ta rabu gida uku.

Kai da aka roƙa: in ɗan koyo ne a gabanka, ko yaro, ko wanda hannunsa ya zame, ka bar shi. Amma kada ka bar shi a banza. Ka ce, "Kafin ka mayar, nuna mini abin da zan yi maka." In ya nuna, ya ci ribar kuskurensa. In ka bar shi ya mayar bai san me ya tsere wa ba, gobe zai sake faɗawa ramin nan.

Kai da ka yi kuskure: roƙo ba laifi ba ne, amma sau ɗaya, da murya ƙasa. Abin da ba ya halatta shi ne sata, wato ka janye ɗan a ɓoye ka ce ai ban saki ba. Asarar sarauniya ta wasa ɗaya ce. Wanda aka sani da "ban saki ba" kuwa, ko a Kasuwar Monde ko a Kasuwar Baga, sai ya nemi shaidu kafin a yarda da sallamarsa.

Kai da ba ka taɓa ba tukuna: naka ne ya fi sauƙi, kuma ya fi kowanne daraja. Masu koyar da wasan suna ce wa yara su zauna a kan hannayensu har sai sun gama tunani. Sannan kafin kowace tafiya su yi tambaya ɗaya: in na yi wannan, shi me zai yi? Tambayar nan ba ta cin minti ɗaya, amma ita ce ke mayar da abokin wasa mutum bayan kwaɗayi ya mai da shi gunki.

Dalilin da ya sa muka tsaya a kan wannan shi ne, akwai alluna da yawa a rayuwa inda babu wanda zai iya ba ka damar mayarwa ko da yana so. Magana zarar bunu ce. Mutum ya furta saki na uku cikin fushi, matar na kuka, shi yana kuka, babu mai iya cewa a mayar. Ka tura kuɗi ta waya ba ka karanta sunan mai asusun ba, sai zarya a banki. Ka yaɗa wani labari a WhatsApp game da maƙwabci, ka goge bayan minti biyar, alhali mutum 50 sun riga sun gani. Ka ba da auren 'yarka don ka hango gida ɗaya a allo, kuɗin yaron, ba ka dubi sauran gidaje 63 ba.

Wajibi ne kuma mu rarrabe tsakanin abu biyu, don kada nasiha ta koma zalunci. Gobarar Kasuwar Monde ta Fabrairu 2023 da ambaliyar madatsar Alau ta Satumba 2024 ba kuskuren hannun wanda ya yi asara ba ne. Wannan jarrabawa ce, haƙuri da taimakon juna ne maganinta, kuma duk wanda ke bin irin waɗannan bayin Allah bashi ya san inda sauƙi ya fi cancanta. Abin da allo ke koyarwa ya shafi ɗaya kason ne, wanda komai yana fili, an ba ka lokaci, ka ƙi dubawa. Mai gaskiya ba ya kiran gaggawarsa ƙaddara don ya huta da tuhumar kansa, kuma ba ya kiran ƙaddarar ɗan'uwansa sakaci don ya huta da taimakonsa.

Abu na ƙarshe, wanda duk mai wasa ya sani: sau da yawa kuskuren farko ba shi ke kashe wasa ba, na biyu ne. Mutum ya rasa doki, ransa ya ɓaci, ya ce sai ya rama yanzu-yanzu, ya afka ba lissafi, ya rasa sauran. Haka ɗan kasuwar da ya faɗi a kaya ɗaya, ya ci bashi da gaggawa don ya cike gurbin kafin mutane su ji. Allon da ke gabanka bayan kuskure shi ne allonka. Ka ƙirga abin da ya rage, ka yi wasa da shi.

Saboda haka, iyaye, mu sassauta wa yaranmu a inda ake iya mayarwa, amma mu riƙa nuna musu abin da suka tsallake, domin ranar da za su zauna a inda ba a mayarwa. Mu kuma mu zama masu saurin yafe wa wanda ya roƙa, masu jinkirin sakin abin da ke hannunmu.

Allah Ya ba mu ikon dubawa kafin taɓawa, Ya sanya albarka a kasuwancinmu da iyalanmu. Juma'a mai albarka.