Ɗana, Ina Asubarka Ta Tafi?

 Ya maiɗakinka da yara, ya kuma haƙuri da zaman Gobir a wannan lokaci? Geron da ka aiko ya iso, Allah ya ƙara buɗi.

Ba faɗa zan yi maka ba, ai ka wuce nan. Amma mahaifinka ya tafi ya bar mini amanarka, kuma abin da na gani da kuka zo mana Sakkwato bikin Kirsimeti bai bar ni in yi shiru ba. Ana addu'ar yamma, kowa ya sunkuyar da kai, kai ma ka sunkuyar, sai dai a kan waya. Da na ja ka gefe ka ce mini, "Baffa, ai ka san halin da muke ciki."

Na sani, kuma ban raina shi ba. Wanda ke zaune a Unguwar Lalle, a ƙasar Sabon Birni, ba zai kwana bai tambayi labarin hanya ba. Ban manta da matafiyan da aka ƙone cikin mota kusa da Gidan Bawa a watan Disamba na 2021 ba. Ban manta da Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, da ’yan bindiga suka kama suka kashe a 2024 ba. Iyalai nawa suka tsallaka iyaka zuwa ƙasar Maraɗi da ɗan abin da kansu zai iya ɗauka? Don haka in ka duba waya da safe ka ji ko hanya ta yi kyau kafin ka tura yaro sayo magani, ba laifi ka yi ba, hankali ka yi. Abin da nake tambaya shi ne, bayan ka ji labarin hanyar, me ke riƙe ka a kanta har rana ta fito? Hoton gawa da ka gani jiya ka sake kallonsa yau, ka tura wa wani, ka shiga gardamar siyasa a WhatsApp da mutanen da ba ka taɓa gani ba. Wannan ba ya ƙara maka tsaro ko kaɗan. Tsoro yake ƙara maka, ya kuma cinye lokacin da za ka kai tsoron gaban Allah.

Ka tuna watan Satumba na 2021, da gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, har da naku? An sha wuya, ciniki ya tsaya, mutane sai sun kusanci iyaka su kama layin Nijar kafin su ji muryar ’yan uwa. Ba na fatan a koma wannan. Amma kai da bakinka ka gaya mini a watannin nan ne ka karance Zabura tun daga farko har ƙarshe, kuna zama da iyali kowane dare. Ashe lokacin yana nan. ’Yan bindiga sun fi matsa muku a lokacin, duk da haka ba su hana ka ba.

Ubangiji ya ba da misalin mai shuka, ya ambaci irin da ya faɗa cikin ƙaya. Ya tsiro kamar sauran, ba tsuntsu ya cinye shi ba, ba rana ta ƙone shi ba, amma damuwar duniya da son dukiya suka shaƙe shi har bai yi tsaba ba. Kai ɗan manomi ne, ka san ƙuduji a gonar gero. Tun yana ƙarƙashin ƙasa yake manne da saiwa yana tsotsa, manomi yana wucewa yana ganin ganye kore yana murna. Ranar da furensa ya bayyana, ya riga ya gama ɓarna. Ba na tsoron wani ya sa maka wuƙa a wuya ya ce ka bar Almasihu, na san jinin da ke jikinka. Tsorona ka wayi gari wata rana sunan Kirista yana nan, katin baftisma yana cikin akwati, amma zuciyar ta bushe, ’ya’yanka kuma ba su san abin da ubansu ya gaskata ba.

Ga shagonka na magani kuma. Na gode wa Allah da ya ba ka sana'ar da ke taimakon jama'a a wurin da asibiti ke da nisa. Wanda ya buga maka ƙofa ranar Lahadi da yaro a hannu jikinsa ya yi zafi, ka tashi ka ba shi magani, wannan ma bautar Allah ce. Amma zaman jiran ciniki daga safe har dare ranar Ubangiji, alhali ’yan uwanka ’yan kaɗan suna taruwa a ɗaki guda suna duban ƙofa ko za ka shigo, wannan ba jinƙai ba ne, kuɗi ne. Ku da ba ku da yawa a can, rashin mutum ɗaya ana jinsa a waƙa, ana jinsa a baiko, an fi jinsa a zuciyar saurayin da aka turo aiki garin yana neman wanda zai yi koyi da shi.

Dubi maƙwabtanka Musulmi. Da ladan ya kira salla, tela ya bar keke, mai shayi ya rufe tukunya, mahauci ya ɗauki buta. Sau biyar a yini, a garin nan da kake ciki, da tsoron nan da kake ji. Ba wanda ya ce musu kasuwa za ta gudu. Ina girmama su a kan wannan, kuma kunya ce a gare mu a ce sun fi mu kiyaye alkawarin lokaci da Mahalicci. Annabi Daniyel ma a baƙuwar ƙasa yake, ma'aikacin sarki ne mai hidima da yawa, sau uku yake durƙusawa kowace rana.

Kada ka ɗauka bangaskiyar nan baƙuwa ce a ƙasar Gobir. Tun kafin 1930 masu bishara na SIM suka zauna a Tsibiri, garin Sarkin Gobir da ke kusa da Maraɗi. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, asibitin Galmi ya buɗe a 1950. Iyayenmu na wancan zamani manoma ne, da girmansu suka zauna koyon baƙaƙe, ba don aikin gwamnati ba, don su karanta Maganar Allah da idonsu. Su dawo gona a gajiye, su kunna aci-bal-bal, su bi layi da yatsa. Kai da ka yi makaranta har kana karanta takardar likita, me za ka ce musu?

Za ka ce mini Littafin yana cikin wayarka. Haka ne, amma tare yake da duk abin da ke janye ka. Ka ɗauko na takarda, wanda mahaifinka ya bari, ka ajiye shi inda hannunka zai fara kaiwa. Wayar ta kwana a wani ɗaki, in abin gaggawa ne za ka ji ƙararta. Ka fara da Bishara ta Markus, gajeriya ce, sura 16 kawai, ka riƙa karanta wa yara da murya ko da ’yan ayoyi ne, uwarsu ta ɗauki waƙa. A addu'arku ku ambaci waɗanda ke hannun ’yan bindiga, Musulmi da Kirista, ku ambaci jami'an tsaro, har su masu ɓarnar ku roƙa musu tuba, don haka aka umarce mu. Labarin da ya tayar maka da hankali, can za ka kai shi kafin ka tura wa kowa.

Ba sai ka jira zaman lafiya ya dawo ba, ɗana, don ba mu san ranar ba. Gobe da asuba, in ka ji kiran salla, kai ma ka tashi ka ta da iyalinka. Ka gaishe mini da ’yan uwa masu bi da ke can, ka gaishe da maƙwabta. Ubangiji ya kiyaye shigarku da fitarku.

Ni ne baffanka.