In Ta Girma, Ta Wa Ce?

Akwai wata tambaya da wani tsoho ya yi a gabana, yau sama da shekara talatin ke nan, wadda har gobe in na tuna ta sai in ji kunya ta rufe ni. Ba ni ya tambaya ba, baƙo ya tambaya. Amma ta bakina tambayar za ta bi kafin ta isa kunnen baƙon, ni kuwa sai na tare ta a hanya na haɗiye.

Ga yadda aka yi, ya mai karatu. A daminar 1993 ne, Jihar Jigawa ba ta wuce shekara biyu da kafuwa ba, Dutse kuwa sabuwar hedkwata, ma'aikatan da aka kwaso daga Kano sai neman ɗakin haya suke yi. Ni kuma na gama sakandare ina zaman kashe wando, sai aka ce ana neman yaro mai jin Turanci ya yi tafinta na kwana uku. Wani shirin dashen itatuwa ne da kuɗinsa ya fito daga ƙasar waje, an zo da Bature guda ya ga yadda aiki ke tafiya. Muka shiga mota muka nufi wani ƙauye tsakanin Dutse da Kiyawa, a bayanmu ga a-kori-kura cike da dashen darbejiya da turare cikin baƙaƙen ledoji.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan dagaci. Baturen nan ya yi bayani mai daɗi, ni kuma ina juyawa: hamada na gurgusowa, iska na kwashe ƙasar noma, za a dasa shingen itatuwa a bakin gonaki, mu da ku hannu ɗaya ne. Kowa na gyaɗa kai. Can sai wani tsoho da ke zaune a gefe yana tufkar igiya ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗan nan, tambayar mini shi. Wannan aba da za a dasa a bakin gonarmu, in ta girma, ta wa ce?"

Kafin in buɗe baki, jami'in da ya ɗauko ni ya watsa mini wata harara. Na gane. Na juya na ce wa baƙo dattijo godiya yake yi, yana kuma tambayar yaushe za a fara. Bature ya yi murmushi ya rubuta a ɗan littafinsa. Tsoho ya ce, "Me ya ce?" Na ce, "Baba, ya ce ta kowa da kowa ce." Ya dube ni, ya dubi ledojin, ya ce, "To, Allah ya raya wa kowa da kowa." Ya ci gaba da tufkarsa.

Rani biyu bayan haka na bi ta hanyar a kan keke. Ban ga komai ba sai ramuka da guntayen leda. Awaki sun ci rabonsu, gara ta ci nata, rana ta ƙarasa saura. Kuma wallahi shekaru na yi ina ba da wannan labari a majalisa a matsayin shaidar jahilcin mutanen ƙauye. An kawo musu alheri har gida sun tsaya suna tambayar ta wa ce! Wurin da nake tsallakewa a labarin kullum shi ne nawa aikin.

To, yanzu da furfura ta fara fitowa, na zauna na auna tambayar nan, sai na ga ashe duk taron ba wanda ya yi magana irin ta abokin tarayya sai wannan tsoho. Mu duba al'adarmu. In mace ta ba ƙawarta akuya kiwo, tun kafin a ja igiya ake yanke magana: in ta haihu, wace 'ya ce taki, wace ce tawa. Ba wanda ke cewa ta yi rashin kunya don ta tambaya. Wanda bai tambaya ba ma shi ake zargi, domin kuwa ko dai ba ya da niyyar kiwon, ko yana da niyyar cinyewa. Mu da muka yi shiru muna tafi, mun karɓi abin ne a matsayin sadaka, sadaka kuwa a karɓa a yi godiya a watse. Shi kaɗai ya ɗauki kalmar "hannu ɗaya" da gaske, ya nemi a faɗa masa rabonsa da nauyinsa.

Kuma yana da dalilin tsoro. Manomi ya san malamin daji. Ya san itacen da hukuma ta dasa, ko a tsakiyar gonarka yake, in ka sare reshe kana iya biyan tara. Wato an ce ya ba da bakin gonarsa, ya yi ban-ruwa da rani, ya kori awaki, inuwa ta rage masa gero, sannan in itace ya girma ya zama dalilin kai shi ƙara. Wane mai hankali ne zai yi renon abin da zai ja masa sammaci?

Na san abin da wani zai ce, don ni ma na sha faɗinsa: ai in ka ce wa talaka bishiya tasa ce, gobe zai sa mata gatari. Mai wannan magana ya zo Dutse ya dubi dabino. Wa ke gadinsa? Wace ƙungiya ce daga Turai ta zo ta roƙe mu kada mu sare shi? Kowace bishiya an san mai ita, ana gadonta kamar yadda ake gadon gida, ana hawa a yi mata barbara da hannu a kan lokaci. Har cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, NIFOR, wadda hedkwatarta ke kusa da Benin, a Dutse ta kafa reshenta na dabino, don a nan ta tarar da shi a raye. Haka ɗorawa da kuka da tsamiya a gonakin Jahun da Kiyawa da Birnin Kudu. Haka gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore da rani ya ciyar da dabba. Wani masani ɗan Ingila, Michael Mortimore, ya shafe shekaru yana nazarin karkarar da ke kewaye da Kano, ya kuma nuna cewa duk da yawan jama'a, manoma ba su ƙarar da itatuwan gonakinsu ba, suna riƙe da su. Inda gatari ya fi ɓarna shi ne dajin da ba na kowa ba.

Abin da ya ƙarasa kashe mini baki kuwa labarin 'yan'uwanmu ne na Maraɗi. Su ma an yi ta kai musu dashe a leda yana mutuwa. A 1983 wani mutumin Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara ba ciyawa ba ce, tohon kututturen itatuwa ne masu tsohuwar saiwa a ƙasa. Ba sai an dasa komai ba. A zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi, a rage sauran, a bar su su tashi. Suka sa wa abin suna sassabin zamani. Amma bai yaɗu sosai ba sai da manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne, malamin daji ba zai kama shi a kansa ba, domin dokar da suka gada tun zamanin Faransa ta mallaka wa hukuma itatuwa. Da aka sassauta wannan, an ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ka ga a nan ma akwai baƙo a ciki. Bambancin kawai, can an amsa tambayar tsohon nan.

Kada mai karatu ya ɗauka ina cewa baƙi su tattara nasu-ya-nasu su bar mu. A'a. Akwai dukiyar da da gaske ta mu da su ce. Tsuntsayen ruwa da ke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru lokacin hunturu, da yawansu daga Turai suke tasowa, su ƙetare teku da Sahara, su ci su yi ƙiba a wurinmu su koma can su yi ƙwai. Shi ya sa a 1987 aka kafa shirin kare waɗannan fadamu tare da ƙungiyoyin waje irin su IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Ingila, a 2008 kuma fadamar Baturiya ta shiga jerin wuraren da yarjejeniyar Ramsar ta amince da muhimmancinsu a duniya. Mutumin da ya biyo tsuntsunsa har nan ba shisshigi ya yi ba. Kuma a gaskiya masu wannan shiri sun taimaka wajen faɗa wa hukuma abin da masunta da manoman fadama suka daɗe suna kuka a kai, cewa madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canja tafiyar ruwan da rayuwarsu ta dogara a kai. Wani lokaci kukan talaka sai ya bi ta bakin baƙo ake jinsa a sama. Abin takaici ne, amma haka ne.

Sai dai tarayya in ta tashi, kowa ya faɗi abin da ya kawo shi. Baƙo na son tsuntsu da iska mai kyau, ba laifi. Mu muna son itacen girki da abincin dabba da gonar da iska ba ta kwashe ba, shi ma ba abin kunya ba ne. Wanda ya cika sararin sama da hayaƙin masana'anta shekara ɗari biyu, in ya zo yana roƙon matar da ke dafa tuwo da kara ta bar itace a tsaye, to ba kyauta ya zo yi mata ba, buƙata ce ta kawo shi, sai a zauna a yi ciniki na mutunci. Yanzu ma har akwai kamfanonin waje da ke biyan kuɗi don bishiya ta tsaya ta shanye musu hayaƙi. Ka ga ashe bishiya ɗaya ta sami mai ita na uku, wanda bai taɓa ganinta ba.

Maganar kuwa ba ta tsufa ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwar itatuwa daga Senegal zuwa Jibuti, tafiyar kilomita wajen 8,000, Jigawa na cikin jihohi 11 da abin ya shafa a Nijeriya, har aka kafa masa hukuma ta musamman a 2015. An yi burin farfaɗo da hekta miliyan 100 kafin 2030, amma rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna kimanin miliyan 4 kacal aka cimma a yankin ganuwar. A ƙarshen 2021 kuma Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL a jihohin Arewa 19 da Abuja. A lura, jama'a, wannan kuɗi rance ne. Jikokin tsohon nan na cikin masu biya. In haka ne, wa ya fi su haƙƙin a faɗa musu, da Hausa, a gaban dagaci, kuma a rubuce, wa ke da reshe, wa ke da 'ya'ya, wa ke da gindi?

Ba na yaudarar kaina. Na ga mutumin da ya sayar da ɗorawar gado ga masu gawayi don ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki, yana hawaye ana sara. Mallaka ba ta maganin yunwa. Amma ko shi, sai da ya kai bango, kuma ya san abin da ya rasa. Ramukan da na gani a bakin gonakin nan ba wanda ya zubar musu da hawaye ko ɗigo.

Abin da ya fi damuna shi ne Baturen nan ya koma ƙasarsu da littafinsa, a ciki an rubuta cewa mutanen ƙauye sun yi godiya. Wataƙila mutumin kirki ne, da ya ji tambayar da ya tsaya ya nemi amsa. Ban ba shi dama ba. Na cuci tsoho, na cuci baƙo, a kan ladan kwana uku da ban ma tuna abin da na saya da shi ba.

Bara waccan wata gaisuwar rasuwa ta kai ni ƙauyen. Na tambayi gidan mai tufkar igiya, aka ce ai ya daɗe da rasuwa, aka haɗa ni da babban ɗansa, shi ma ya manyanta. Ya shimfiɗa mini tabarma a ƙofar gida ƙarƙashin wasu darbejiya uku manya-manya, an ɗaure tumaki a gindin ɗaya. Na ce, "Malam, waɗannan kuwa wa ya dasa?" Ya yi dariya ya rage murya, sai ka ce har yanzu wani na iya jin mu. Ya ce, "Ai Baba ne. Shekarar da aka kawo na gwamnati, da dare ya aike ni da kwando na tono guda huɗu daga layin. Ɗaya ta mutu."