Hukuncin Wanda Bashi Ya Cinye Dukiyarsa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, mu nan Dodoru mun san yadda ake yi. Mutum ya ci bashin taki ko na albasa, kasuwa ta faɗi, sai ya mai da gona da sunan ƙanensa, ya sulale Legas da dare. To, ka sani karayar arziki jarrabawa ce, ɓoye dukiya kuwa zalunci ne.

Malamanmu na Malikiyya suna kiran wanda bashi ya fi ƙarfin dukiyarsa muflisi. Alƙali zai hana shi taɓa dukiyar, a sayar, a raba wa masu bin bashi gwargwadon haƙƙin kowa. A bar masa abinci da tufafi. Wanda ya tarar da kayansa ba su canza ba, shi ya fi cancanta da su. Wanda ya tabbata ba shi da komai, aya ta 280 cikin Baƙara ta ce a jinkirta masa.

Kuma ba a ɓoye ake yi ba. Imamu Malik ya ruwaito cikin Muwaɗɗa cewa da Usaifi'u, mutumin Juhaina, ya karye, Sayyidina Umar ya yi shela cewa duk mai bin sa bashi ya zo da safe a raba. Me ya sa? Don kada wani ya rasa rabonsa, kada kuma a sake yaudarar wani.

Ko dokar boko haka ta gane. Dokar fatarar kuɗi ta Nijeriya ta 1979 ta ba Babbar Kotun Tarayya wannan shari'a, Tsarin Mulkin 1999 kuma ya ce kotu a bainar jama'a take zama. Wanda ke da haƙƙin duba takardar hukunci yana iya biyan kuɗin ƙa'ida a ba shi kwafi mai hatimi.

Saboda haka, in ka ci bashi ka rubuta, da shaidu. In ka karye, ka tara masu binka, ko ka je gaban alƙali, ka bayyana komai. Kunyar kotu yini ɗaya ce. Ranar Alƙiyama babu naira, da ladanka za a biya.

Allah Ya biya mana basussukanmu. Amin.